Yadda Ake Haɗa Wutar Sola a Matatar Ruwan Ƙazanta

Matatar ruwan ƙazanta, wato wurin da ake tara ruwan bayan gida da na wanka da wanke-wanke na mutanen gari domin a tace shi kafin a sake shi, tana cikin wuraren da suka fi shan wutar lantarki a hannun hukumar gari. Ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye dattin ruwan galibinsu suna buƙatar iskar oksijin, saboda haka dole manyan injina su riƙa hura musu iska dare da rana, kuma a matatu da yawa wannan aikin kaɗai yakan lashe kusan rabin wutar da ake sha.

Shi ya sa aikin haɗa sola ke farawa da awo tun kafin a sayi faranti ko ɗaya. Injiniyoyi kan tattara bayanan wutar da matatar ta sha na aƙalla shekara guda, su ga nawa ake ja da tsakar rana, nawa ake ja cikin dare, domin farantan sola suna daina aiki da faɗuwar rana, injinan kuwa ba su san hutu ba. Daga wannan lissafi ake yanke girman aikin, a kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin wuta yadda rarar da aka samu da rana za ta shiga babban layi, da dare kuma a jawo daga can.

Sai zaɓen wuri, kuma a nan matatar ta fi sauran ma'aikatu sa'a, tunda sau da yawa tana da manyan tafkuna na ajiye ruwan da aka riga aka tace. A garin Healdsburg na jihar Kalifoniya ta Amurka, a shekarar 2021 aka kammala shimfiɗa farantai kimanin 11,600 masu ƙarfin megawat 4.78 a kan irin waɗannan tafkuna guda biyu. Dabara ce da ta cancanci a yi koyi da ita, domin ba a ci filin noma ba, sanyin ruwa yana ƙara wa farantan kuzari, inuwarsu kuma tana rage tsirowar gansakuka da ƙafewar ruwa.

A bakin tafki ake harhaɗa kayan. Ma'aikata kan jera akwatunan roba marasa nutsewa, su ƙulle su da juna, su ɗaure farantai a kai a ɗan karkace wajen rana, sa'annan su tura layin cikin ruwa su fara na bayansa, har shimfiɗar ta zama kamar tabarma a kan ruwa. Ɗaure ta shi ne aikin da ya fi buƙatar natsuwa, saboda galibi ana shimfiɗa wa gindin tafkin wata leda mai kauri da ke hana ruwa tsiyayewa cikin ƙasa, wadda ba a yarda a huda ta ba. Don haka akan kafa turaku a gaɓa, a ja igiyoyi masu ɗan sassauci yadda shimfiɗar za ta bi ruwa idan ya ƙaru ko ya ja baya, ba tare da iska ta kwashe ta ba.

Daga nan wayoyi ke kai wutar zuwa inbata, na'urar da ke juya wutar farantai zuwa irin wadda injina ke amfani da ita, sa'annan ta wuce taransifoma. Akan nisanta waɗannan na'urori daga inda ɗanyen ruwan ke shigowa, a kuma rufe su sosai, domin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi a wurin tana cin jan ƙarfe.

Kafin a kunna, ana gwada kowane layi, a tabbatar inbata za ta yanke kanta da zarar babban layi ya ɗauke, don kada wuta ta kama masu gyara. Wannan ne dalilin da ya sa ba a cire janareto, sai fa idan an tanadi manyan batura da za su riƙe injinan hura iska har wuta ta dawo.