"Ai wuta tana kamawa" ba hujja ba ce

Lokacin da nake SIWES, ni da maigidana muka yi wayarin ɗin wani gida. Mai duba aiki ya zo, ya ce bai amince ba. Na taso da zafi: "Yallaɓai, ai komai na kamawa!" Ya ce in kwance soket ɗin kicin. Ashe waya mai 1.5mm muka sa, ta fitila, alhali soket 2.5mm yake buƙata. Siririyar waya in aka jona mata hita zafi take ɗauka, daga nan sai gobara. Da kuɗinmu muka sake jan layin.

'Yan'uwa ɗalibai, in an soke aikinku, ku nemi dalilin a rubuce, ku duba ƙa'ida, ku auna, sannan ku yi musu. In kuna da gaskiya, awon ne zai tsaya muku.