Sunan da mai gandun dashe ya buga a talla, ko suna ne na gaskiya?

Ƴan'uwa manoma, kowa ya san icce guda yana iya samun suna da yawa. Wanda muke kira gawo, Bazabarme yana da nasa suna, Bafillace yana da nasa. Saboda haka masana tsirrai suka yarda kowace shuka ta sami suna ɗaya da harshen Latin, wanda duniya duka za ta gane. Gawo sunansa Faidherbia albida. Magarya kuwa Ziziphus mauritiana. Wannan tsari ya samo tushe daga littafin Karl Line, masanin ƙasar Suwidin, a shekarar 1753.

Inda matsala ta taso

A ƙarni na 19, masu gandun dashe na Turai suna aika mutane ƙasashe masu zafi, su kwaso musu sababbin tsirrai. Da kaya sun iso, sai su laƙaba musu suna, su buga a takardun talla don jawo masu saye. Gidan Loddiges da gidan William Bull, duka a birnin Landan, sun shahara da wannan ciniki. Wani lokaci shuka guda ta fito da suna biyu ko uku, kowane ɗan kasuwa da nasa. Wani lokaci kuma suna kawai ake bugawa, ba a faɗi kamannin shukar ba.

Hukuncin da masana suka yanke

Na farko, suna ba ya tabbata sai da bayanin shukar: ganyenta, furenta, ƴaƴanta, ko abin da ya raba ta da danginta. Sunan da ba shi da bayani tamkar buhu ne babu hatsi a ciki.

Na biyu, sunan da aka buga a takardar talla kafin shekarar 1953, idan yana tare da bayani, ana iya karɓarsa. Shi ya sa wasu sunayen da Bull ya buga suke aiki har yau.

Na uku, tun daga 1 ga Janairu 1953, sabon sunan Latin da aka fara bugawa a takardar ƴan kasuwa ko a jaridar labarai ba shi da inganci. Daga 1958 kuma, dole ne a nuna samfurin shukar da sunan ya dogara a kansa, domin mai shakka ya je ya duba.

Irin da manomi ya zaɓa

Akwai wata doka dabam, wadda aka fara bugawa a 1953, don irin da mutane suka zaɓa suka inganta, kamar albasar Galmi ko hatsin HKP. A nan takardar mai gandun dashe tana iya kafa suna, amma sai tana ɗauke da shekarar bugu da bayanin irin. Sunan ciniki kuwa, wanda aka ƙaga don daɗin kunne, ba ya zama sunan iri.

Ga misali a gida. Magarya mai aure, mai manyan ƴaƴa, ana tallarta da sunan tuffar Sahel. Wannan sunan kasuwa ne. A ƙarƙashinsa akwai iri dabam-dabam da suka fito daga Indiya, kamar Gola da Seb da Umran. Ba lokaci ɗaya suke nuna ba, girman ƴaƴansu ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya sayi dashe da sunan talla kawai, zai yi ta ban ruwa, sai ranar da iccen ya yi ƴaƴa zai san abin da ya saya. Kuɗi da wahala sun riga sun tafi.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu tambayi mai sayarwa ainihin sunan irin da inda ya samo shi.
2. Mu nemi ganin uwar iccen da aka yanko reshen aure daga jikinta.
3. Idan iri na cikin leda ne, mu karanta takardar da ke jiki, mu duba suna da shekara.
4. Mu kai sunan wurin malamin gona. Nijar tana da kundin irin da hukuma ta amince da shi, zai duba mana.
5. Mu rubuta sunan da ranar dashe a littafinmu.

Karatun da muka koya, ga ranarsa. Rigakafi ya fi magani.