Lambun Damina a Bayan Gida

Maigida, yaron da ba ya gani bayan magariba dundumi ke damunsa, ka kawo mana shi asibiti. Sau da yawa rashin ganye da kabewa a miya ke jawo shi.

Da ruwa ya zauna a Saji, wajen watan Yuni, ka share ɗan fili nesa da masai, ka zuba busasshen taki. Ka shuka alayyafo da rama da kuɓewa, kabewa kuwa a gindin danga. Ka kewaye da ƙaya, akuya ba ta san na maƙwabci ba. Alayyafo wata guda ya isa yanka.

Uwargida, a wanke ganye, a dafa da ɗan man gyaɗa. Ragowar a shanya a inuwa saboda rani.