Barin Darasi a Manyan Azuzuwa: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Sau da yawa uba yakan zo gaban hakimi da kuka, wai shugaban makaranta ya hana ɗansa barin wani darasi da ya gagare shi. Kafin a ba shi amsa, lalle ne malamin hakimi ya tambaya, wane darasi ne?

Gama darussan babbar sakandare iri biyu ne. Akwai na tilas, kamar Turanci da Lissafi, waɗanda Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, ta ɗora wa kowane ɗalibi. A nan shugaban makaranta ba shi da ikon yafewa, ko da ɗan sarki ne.

Sauran kuwa na zaɓi ne, muddin yaro ya cika darasi takwas ko tara. To, a nan ne gardama take. Yaron da ke nufin aikin likita, in ya yar da Fizik a aji biyu domin ya yi masa wuya, ya rufe wa kansa ƙofa, gama jami'a ba za ta karɓe shi ba sai da shi. Galibi abin da shugaba ke hangowa ke nan, uba kuwa bai sani ba.

Saboda haka kada hakimi ya aika wa makaranta da umarni. Sai ya haɗa uba da shugaba su zauna tare da yaron, tun ba a aika da sunayen masu jarrabawa ba.