Darasin Kimiyya: Yadda Ake Ƙera Kayan Faiba

Duk wanda ya taɓa ganin magini yana kwaɓa ƙasa ya san sai ya zuba busasshiyar ciyawa a ciki. Ƙasa ita kaɗai tsagewa take yi in ta bushe, ciyawar ce ke riƙe ta. Da wannan dabarar ake ƙera kayan faiba: a maimakon ciyawa a sa zaren gilashi ko na kabon, a maimakon ƙasa a sa wani danƙo mai suna rezin. Zaren ke ɗaukar nauyi, danƙon kuma ya haɗe shi wuri guda.

Ga hanyoyi huɗu da ake bi:

1. Shimfiɗa da hannu. A shafa wa mazubi kakin hana mannewa, a shimfiɗa tabarmar zaren, a shafa rezin da aka gauraya da sinadarin daskarwa, sannan a murje da abin birgima har iska ta fita. Haka ake yin ƙananan jiragen ruwa.

2. Naɗi. Inji ke jiƙa zaren da rezin, ya naɗa shi a jikin sanda mai juyawa, kamar zare a jikin mazari. Bututu da tankuna ake samu ta nan.

3. Ja. A jawo jiƙaƙƙen zare ta cikin mazubin ƙarfe mai zafi, ya fito a sandare, a yanka. Da shi ake yin tsanin masu aikin lantarki, domin zaren gilashi ba ya ɗaukar wuta.

4. Gashi. A jera ƙyallayen kabon masu rezin, a rufe da leda, a zuƙe iska, a gasa a tanda mai matsi da zafin da kan kai digiri 180. Kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787, wanda ya fara jigila a 2011, irin waɗannan kaya ne.

A kula: kumfar iska da ta maƙale a ciki rami ne ɓoyayye, daga nan tsagewa ke farawa. A jirgin ruwa kuwa, tsagewa na iya cin rayuka. Haka nan warin rezin yana cutar da numfashi, zaren kuma yana sa ƙaiƙayi, don haka sai da safar hannu da takunkumi, a wuri mai iska.

Tambayar mako: me ya sa ake giciya shimfiɗun zaren, ba a jera su ta fuska ɗaya ba? A miƙa amsa ga sakataren kulob kafin ranar Juma'a.