Lissafin sakamakon jarrabawa: yadda kwamfuta ke karanta abin da ka rubuta

Ƙarshen kowane zangon karatu, malaman makarantu a nan Zuru kan kawo mini fayilolin sakamakon ɗalibai da kuka iri ɗaya: "Malam, kwamfuta ta ɓata mana lissafi." In na buɗe, galibi sai in tarar ta yi daidai abin da aka rubuta mata ne.

Ga wanda na fi gani. Yaro ya ci 60 da 70 da 80, malami yana neman matsakaicin maki, sai ya rubuta 60 + 70 + 80 / 3. Amsa ta fito 156.67. A cikin Python ko Excel akwai wani tafinta da ke karanta layin. Da farko yakan yayyanka shi gunduwa-gunduwa, lamba daban, alama daban. Sannan ya duba wace alama ce ta fi wata ƙarfi. Ninkawa da rabawa sun fi tarawa da ɗebewa, don haka 80 kaɗai aka raba gida uku, aka ɗora abin da ya fito a kan 130. BODMAS ɗin nan ce da muka haddace a firamare, bambancin kawai shi ne tafintan ba ya mantuwa, ba ya kuma yi maka uzuri. Sa makin uku cikin baka biyu, (60 + 70 + 80) / 3, sai 70 ta fito.

Wannan kuskuren ma da sauƙi, domin ko makaho ya shafa ya san ba mai cin 156 cikin ɗari. Wanda ke hana ni barci shi ne mai fitowa da amsa mai kama da gaskiya. Idan aka shigar da 70 a matsayin rubutu maimakon lamba, SUM na Excel zai tsallake gidan shiru, ba gargaɗi a cikin amsar. Jimlar yaro ta ragu, ya sauko daga na uku zuwa na goma sha biyu, a gida kuma a yi masa faɗan da bai ci ba. JavaScript kuwa, in ka ba shi "60" + 70, manna su zai yi ya ba ka 6070. Python ƙin aikin yake yi ya nuna kuskure, ni kuma wannan taurin kan na fi so.

Manhajojin ma ba bakinsu ɗaya ba. In ka rubuta ɗebe biyu a ƙarfin biyu, Excel ya ce 4, Python ya ce -4.

Ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru masu lissafin amfanin gona, da masu riƙe kuɗin ƙungiyoyin manoma, ku gwada 0.1 + 0.2 a Python. Za ku ga 0.30000000000000004. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 ce ta tsara yadda ake ajiye irin waɗannan lambobi da sifili da ɗaya, kuma ɗaya bisa goma ba ta zama cif a wannan tsarin. Shi ya sa nake ajiye kuɗi da kwabo, cikakkiyar lamba, sai wajen bugawa in mayar naira.

Kafin a buga sakamakon aji, a zaɓi ɗalibai uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, a yi lissafinsu da biro a takarda, a gwada da na allon.