Matakan gane ƙarfin furosesa kafin ka sayi kwamfuta

Duk lokacin da aka koma karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, iyaye da ɗalibai daga Jega da Maiyama kan shiga neman kwamfuta 'yar hannu. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu da zarar sun ga tambarin i7 sai su zaro kuɗi. Kuɗin nan kuwa gumin noman albasa ne ko na shinkafa, bai kamata a zubar da shi a kan tambari ba.

Mataki na 1: Karanta cikakken sunan furosesa. Kunna kwamfutar, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka zaɓi CPU. Sunan da ya fito a nan shi ne gaskiya, ba takardar da aka manna a jiki ba.

Mataki na 2: Gano zubinsa, abin da masu shago ke kira janareshan. A furosesan Intel mai lamba huɗu irin misalai biyun da ke tafe, lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan ita ce zubi. Core i7-2620M zubi na 2 ne, na shekarar 2011. Core i5-8250U zubi na 8 ne, na 2017. Wannan i5 ɗin ya yi wa wancan i7 nisa ƙwarai, ko da yake sunansa ya fi ƙanƙanta. Akwai wani dalili kuma: Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 take farawa.

Mataki na 3: Kada gigahaz ta ruɗe ka. Nan ne aka fi yin asara. Gigahaz tana nuna yawan bugun furosesa a daƙiƙa guda, ba ta nuna yawan aikin da yake gamawa a kowane bugu. Pentium 4 ya kai gigahaz 3.8 tun 2004, amma Core 2 Duo da ya fito a 2006 da ƙasa da haka ya shige gabansa. Dubi ƙwayoyin aiki a Task Manager, inda aka rubuta Cores. Wancan i7 ɗin gigahaz 2.7 gare shi da ƙwaya 2. Shi kuwa i5 ɗin yana farawa daga 1.6, yana hawa har 3.4 idan aiki ya yi nauyi, ƙwayarsa kuma 4. Wanda ya taɓa tsayawa wurin lodin albasa a Aliero ya san 'yan dako huɗu majiya ƙarfi sun fi biyu saurin cika mota. Gigahaz tana amfani ne kawai idan furosesan biyu zubi ɗaya ne, gida ɗaya.

Mataki na 4: Harafin ƙarshe. U mai tsimin batir ne, H mai ƙarfi ne da cin wuta. Inda wutar lantarki ba ta zama, ni U nake zaɓa wa ɗalibi.

Mataki na 5: Kwatanta maki. Rubuta sunayen furosesa biyun da kake son kwatantawa a shafin PassMark ta wayarka, ka ga wanda ya fi. Da haka ake haɗa Intel da AMD Ryzen a ma'auni ɗaya.

Mataki na 6: Gwada ta da hannunka, kada ka yi gaggawa. Buɗe shafukan intanet goma, ka kunna bidiyo, ka buɗe Word, ka bar ta minti ashirin. Furosesa idan ya yi zafi yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, kuma a zafin Maris da Afrilu na ƙasar Kabi, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan fanka na ihu, lambar Speed tana faɗuwa ƙasa, ajiye ta.

Kafin ka bar Task Manager, leƙa Memory da Disk. RAM ta kai gigabait 8, ma'ajiya ta zama SSD, domin tsohon faifai mai juyawa yakan sa furosesa mai kyau tafiyar hawainiya.

Ga ɗalibin da aikinsa rubutu ne da bincike da atisayen JAMB, i5 zubi na 8 da RAM 8 da SSD sun wadatar. Ɗan'uwa, idan mai shago ya hana ka kunna ta ka gwada, riƙe kuɗinka ka nufi shago na gaba.